Ƙorafi Kan Ƙofar Lambun Yara da Bedin Mutari

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari
Daga Zara'u Ishaƙu, Unguwar Gabas, Gundumar Mayahi, Jihar Maraɗi
Litinin, 13 ga Maris, 2023

Game da: hana ni shiga lambun yara don ba itace ruwa

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa. Ranar Laraba ta farkon watan jiya, ina surfe, diraktan lakwal, wato shugaban makarantarsu, ya aiko a yi mani albishir cewa ɗana Mutari ya zo na ɗaya a gasar kula da itace, an ba shi keke. Mutari ya rasu tun damina, zazzaɓin sauro ne. Diraktan da kansa yana cikin waɗanda suka kai shi makwanci. Ban yi karatu mai nisa ba, abin da na riƙe a kai shi zan faɗa.

1. Bara mutanen furoje, masu aikin raya gari, suka yi lambun yara bayan kasuwa, suka ce don gari ya yi inuwa, yara su sami wurin wasa. Aka ba kowane ɗan lakwal ɗan itace da allon sunansa. Mutari ya sami bedi, wato dogon yaro. Yana kwance ma sai ya tambaya ko an ba bedin ruwa. Da ya tafi na ci gaba da ba shi, shi ya sa ya fi na kowa tsawo.

2. Na je na shaida ma mutanen furoje cewa yaron ba ya duniya. Suka yi mani ta'aziyya mai kyau, har da fatiha. Sannan suka ce ba a ba da keke sai wanda ya ci gasa ya tsaya gindin itacensa an ɗauke shi hoto, kuma za su jira.

3. Ganin itatuwa sun yi kyau, sai aka kewaye lambun da waya, aka sa ƙofa da mai gadi, Malam Ƙadri. Doka ta ce babba ba ya shiga sai da yaro, don kare haƙƙin yara. Ranka ya daɗe, Mutari kaɗai Allah ya ba ni.

4. Malam Ƙadri ya ba ni shawara in aro yaro. Maƙwabciyata Hawa ta ba ni ɗiyarta Marwa. Muka je da la'asar, ƙofa a kulle. Ashe ana buɗe lambun ne da safe, a rufe da azahar, daidai lokacin da yara ke cikin aji. Tun da aka sa ƙofar ban ga yaro ko ɗaya kan lilon da aka kafa masu ba.

5. Awaki kuwa suna shiga ta ƙarƙashin waya. Na nuna ma Malam Ƙadri wata akuya tana cin ganyen bedin. Ya duba ya ce ita da ɗanta ta zo. Ban san ko wasa yake ba, don bai yi dariya ba.

Ba na ƙarar Malam Ƙadri, dokar da aka ba shi yake bi. Keke kuma a ba Marwa, gidansu da nisa da lakwal. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta mani izinin shiga da bokiti ɗaya, ko da rakiyar mai gadi ce, kuma a toshe hanyar awaki. Zafi ya fara, ganyensa na ƙasa sun yi ja. In aka kai ƙarshen azumi a haka, bedin ba zai ga damina ba.

Kafin amsarku ta iso, kullum da hantsi nakan tsaya bayan waya in watsa ruwa da ƙwarya. Rabi yana zuba kan itacen wani yaro da ban sani ba. Shi ma yana sha, ba na baƙin ciki.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Mai biyayya gare ku,
Zara'u Ishaƙu, uwar Mutari