Murfi Ɗaya, Ƙofa Biyu

Litinin, 1 ga Yuli
Kansila ya zo lungunmu da farin takalminsa. Wai siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabi, ƙaramar hukuma ta rage kasafi, kwatar da suka haƙa ba za a rufe ta duka ba. Murfi ɗaya na kankare ga kowane gida biyu. To wa ya ce ku haƙa? Rami ya kai ƙugu, ga damina. 'Yata Sa'ida ta ina za ta fita da keken guragunta?

Laraba, 3 ga Yuli
An kawo namu, ni da Kyari maƙwabcina. Suka ajiye shi a tsakiya, ba ƙofata ba, ba tasa ba. Aikin banza.

Alhamis, 4 ga Yuli
Na ja shi ƙofata. Kyari ya fito yana cewa mahaifiyarsa Hajiya Nana Hauwa ba ta gani, ta yaya tsohuwa za ta tsallaka? Na ce uwarka tana da ƙafa, 'yata fa? Ya sa katako a ƙofarsa. Matata Lauratu ta ce bakina ya yi kaifi. Ita ke goya yarinyar zuwa makaranta?

Talata, 9 ga Yuli
Na dawo daga wankin huluna, murfi yana ƙofar Kyari. Sa'ida na zaure da kayan makaranta tun safe, ta yi kuka har ta gaji. Raina ya ɓaci, wallahi idona ya rufe. Na kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Ya shaƙe ni, ya haɗa ni da bango, ƙeyata ta bugu. Ban san sanda rabin bulo ya zo hannuna ba. Goshinsa ya tsage, jini har cikin gemu. Muka faɗa kwatar tare, ina dukansa yana dukana cikin ruwan ƙazanta, sai da mutanen masallaci suka janye mu. Haƙorina ɗaya ya tafi. Murfi ya dawo ƙofata, shi ke nan.

Laraba, 10 ga Yuli
Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasan lungu an sari Hashim mai shayi da adda, a kan murfi.

Asabar, 13 ga Yuli
Mai unguwa ya ce mu yi haƙuri, kansila ya ce sai kasafin baɗi. Baɗi! Na sa wa murfi sarƙa da kwaɗo. Da na wuce, Hajiya na zaune a zaurensu, ta gane tafiyata. Ta ce, "Ɗan nan, ina jikata Sa'ida? Kwana biyu ba ta zo karɓar alewarta ba." Na yi kamar ban ji ba.

Juma'a, 19 ga Yuli
An yi ruwa. Katakon Kyari ya jiƙe, Hajiya ta zame ta faɗa. Ƙugu ya karye. Ihunta har cikin ɗakina. Ba ni na haƙa ramin ba. Ba ni ba ne.

Alhamis, 25 ga Yuli
Ta rasu da hantsi. Allah ya jiƙanta.
Aka kawo makara, aka yi cirko-cirko. Mutum huɗu da gawa ba sa hawa katako ɗaya. Wani ya ce a miƙa ta ta saman rami hannu da hannu, kamar buhu. Kyari na tsaye da ɗinki a goshi, bai kalle ni ba, bai roƙa ba. Na je kan murfin, makullin ya ƙi buɗewa, na fasa kwaɗon da guduma. Ni da Kyari muka ja shi ƙofarsa. A kansa aka fito da ita.

Lahadi, 28 ga Yuli
Murfi yana can. Masu zuwa gaisuwa suna da yawa, kuma nauyi gare shi, bayana na ciwo. Ni na goya Sa'ida na tsallaka da ita yau. Ta ce, Baba yaushe za ka ɗauko? Na ce sai an yi bakwai.
Lauratu ta tambayi sarƙar. Na ce na ba mai gwangwan da ke sayen tsohon ƙarfe.