Farcen Baba Zai Jira

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai da sauƙi. Ki daina wahalar kirana, kunnen ya tafi. Sai in ga waya tana haske, in ɗauka, in ji shiru. Rubuto mini kawai.

Na duba kalanda, hutunki saura kwana goma sha tara. Farcen ƙafata ya fara huda safa, ni kuwa sunkuyo ya gagare ni. Abin yankan yana kan taga inda kika bar shi. Na sa an share ɗakinki.

Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta, kuma ka kai ƙarshe kafin hankalinka ya tashi.

An yi mini hoton nono a asibiti, aka ga wasu ɗige-ɗige farare. Suka ɗebi ɗan nama da allura suka auna. Sankara ce, amma likita ta ce tana cikin hanyoyin ruwan nono, ba ta fito ta shiga nama ba. Ko kullutu babu. Suna raba irinta mataki uku bisa ga saurin girmanta, tawa mai saurin ce, shi ya sa ba a so a bar ta. Za su yanke wurin da ɗan kewayensa, daga baya a yi mini gashi da na'ura na wasu makonni.

Ranar da suka ba ni ta faɗo cikin makon zuwana. Zan roƙe su su ɗaga zuwa bayan wata biyu. Ba inda ke mini ciwo. Wa zai yanke maka wannan farcen naka mai kama da ƙaho?

Ka huta lafiya.
Autarka

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Na karanta sau uku, a zaune, kamar yadda kika ce.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da mahaifiyarki ta ji abu a ƙirjinta, lokacin jarrabawa ne, ina da takardun aji uku da zan duba. Ta ce mu bari in gama. Ita ma ta ce ba ya ciwo. Na gama, sai aka yi mini canjin makaranta, ta ce mu bari mu tare a sabon wurin. Ni kuwa na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Da muka je, likita ya dube ta, ya dube ni, ya tambaye mu ina muka tsaya. Shekara ashirin da biyu ke nan ban samu amsar ba.

Ke an ga taki tun tana ƙunshe. Ita ba ta samu wannan gatan ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son ki zo. Gidan nan, idan na ajiye cokali sai in ga kamar na yi wa wani hayaniya. Amma idan kika ɗaga ranar nan saboda ni, ba zan buɗe miki ƙofa ba, kuma kin san ni kaɗai ke da makulli. Ki tambayi likitar ko gefen abin da za su yanke ma za a auna, ki rubuto mini amsarta dalla-dalla.

Allah ya ba ki lafiya.
Mahaifinki

Baba,

Barka da gida. An yi aikin, ran da suka sa. Sun auna gefen, babu komai a ciki, kuma ba ta fita ko'ina ba. Gashin na'urar zan fara idan wurin ya warke, don haka sai bayan wata uku za ka gan ni. Rubutun ya karkace, hannun ne bai saki ba.

Da gaske da ka bar ni a waje?

Autarka

Auta,

Alhamdu lillahi. Da na bar ki, ina tsaye a bayan ƙofar.

Wanzami ya zo jiya ya yanke farcen. Ya iya aikinsa, sai dai har ya gama bai yi mini faɗa ko sau ɗaya ba. Na mayar da abin yankan kan taga. Kafin wata uku ya sake fitowa.

Mahaifinki