Gudumar Salifu Bahago

Dapango, watan Rajab, 1934

Yaya Barakatu,

Shin hannun mutanen Zangon Sokode ne ya shanye, ko tawada ce ta ƙare a garin? Motar kumandan, Baturen mulki, mai kawo wasiƙu ta zo ta koma, ta sake zuwa, ban ga ko guntun takarda ba. Duk da haka ina gaishe ki. Yaya jikinki, yaya maigida da yara? Ki gaida Malam Awal mai karanta miki wannan, ya yi haƙuri da rubutun wanda ya koyi boko a jikin buhun siminti.

Aikin da ya kawo ni gyaran tsohon kampama ne, masaukin baƙi na dutse da aka gina tun zamanin Jamus. Ruwa ya ci gindinsa, bangon gabas ya yi ciki. Nakan sauke duwatsun ɗaya-ɗaya in jera a ƙasa yadda na same su, don kowanne ya koma mazauninsa. Masu ɗauko mini kwaɓi 'yan Moba ne, ba na jin yarensu, su ma Hausarsu ta kasuwa ce kawai. Da yamma su tafi gida, ni in ci tuwona a gindin bango ina kallon ƙadangaru.

Baba Garuba har yanzu fushi yake? Ƙanin mahaifinmu ne, shi ya koya mini gini, amma ban gane abin da ya sa ya rantse har da hawaye kada in zo Dapango ba. Da na ce Tandjouaré ne ko wani gari, na san ko tari ba zai yi ba.

Ƙanenki,
Karimu

Dapango, watan Sha'aban

Yaya Barakatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin 'yarki Adiza ya sauka. Ki sallami yara kafin Malam ya ci gaba.

Kin tuna bangon rijiyar Zango da Inna ke kai mu tana cewa aikin babanmu ne? Saran dutsensa ya karkata hagu, domin babanmu Salifu bahago ne. Yaya, wannan saran na samu a bangon gabas, daga tushe har daidai ƙirjina. Na ce wa kaina bahagwai da yawa a duniya, na ci gaba da saukewa.

Sai na kai wani sahu, na ɗaga dutse, na ga rami an gyara shi da kyau, a ciki guduma kwance. Ƙotar ta ruɓe, ƙarfen yana nan da zane uku a gefe, irin na wadda ke rataye a zauren Baba Garuba. Kin san kakanmu ya sa aka ƙera biyu, ɗaya ga kowane ɗa. Kin kuma san al'adar maginan gidanmu: in mutum ya mutu bai gama bango ba, ɗan'uwansa ke kwantar da gudumarsa a inda hannunsa ya tsaya, ya ɗora gini a kai.

Daga kan ramin zuwa sama hannu ya canja. Kwaɓi mai kauri, da 'yan tsakuwa a cuccusa ƙarƙashin kowane dutse. Na sha mari a kan wannan cushen tsakuwar ina koyo, ba zan kasa gane mai shi ba.

Wani dattijo mai suna Lare daga Korbongou, wanda ya yi dakon dutse a nan yana saurayi, ya kama hannuna ya kai ni bayan wata kuka. Da 'yar Hausarsa ya ce Bahaushe mai hagu ya kwanta ciwo, ya mutu, ƙanensa ya wanke shi ya binne shi a nan. Na zauna a wurin har inuwa ta juya. Ba wanda zan gaya wa.

Naki,
Karimu

Dapango, watan Azumi

Baba Garuba,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana shan ruwa lafiya, kai da iyali. Ban manta tuwon gidanka ba, shi ya sa na fara da gaisuwa.

Da Jamusawa suka kwashe ku, kai da babanmu, zuwa arewa aikin gini, kai kaɗai ka dawo. Ka ce Salifu ya gudu Kumasi da gudumarsa, ya bar mata da goyo. Inna ba ta yi takaba ba, ba ta yi aure ba, duk ayarin goro da ya sauka sai ta je tambaya. Ta mutu matan Zango na ce mata matar gudadde. Ni ma har yau in na yi faɗa a kasuwa, ɗan gudadde ake jifana da shi. Ba wanda ya taɓa yanka ko zakara ya yi wa babanmu sadaka.

Na mayar da bangon yadda yake, har cushen tsakuwarka na mayar mazauninsa. Sai dai ramin na bar shi buɗe. Mai kula da aiki yana ta yi mini ihu in rufe, na ce masa sahun nan yana jiran mai shi.

Ban san me ya sa ka yi haka ba. Tsoro ne, ko kai aka kira, shi ya biyo ka don ya tsaya maka? Na juya abin har kaina ya yi ciwo, ba ni da abokin juyawa. Amma kada ka aiko mini da amsa a takarda, kada kuma ka kira Yaya ɗaki ka yi mata kuka. A bainar jama'a ka ɓata sunansa.

Na ba Bukari direban motar kumandan gudumar, zai damƙa wa limamin Zango. Ranar Juma'a bayan an sallame, ka ɗauko taka daga zaure, a ajiye su gefe da gefe a ƙofar masallaci. Ka tsaya gaban Sarkin Zango da duk wanda ya taɓa kiran Inna da sunan nan, ka faɗa da bakinka: ina Salifu yake kwance, kuma wa ya rufe shi?

Ɗan ɗan'uwanka,
Karimu ɗan Salifu Bahago