Ruwan da Aka Ƙwace daga Fuskar Babana

Zuwa ga Alhaji, mai farar a-kori-kura da ke kai nama daga Talata Mafara zuwa sansanin ma'aikatan dam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Allah ya sa haka, amin.

Alhaji, ba ka san ni ba. Ni ce Luba, ɗiyar Umaru mahauci na Garbadu, wanda ruwan motarka ya ƙone wa fuska cikin bazarar nan. Bara na gama firamare, kuma ban saba buɗe baki gaban manya ba. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Inna. Duk wanda ya tambaye ni, nakan ce ina bayan mota tare da nama, ban ga komai ba. Na gani. Baba ne ya roƙe ni in yi shiru. Na rubuta wannan takarda biyu, ɗaya gare ka, ɗaya za a manna a bakin tasha.

Na ɗaya, motar. Lagiretonta ya daɗe yana yoyo. Direbanka Mamman garin barkono yake zubawa a ciki don ya toshe hudar, har mahauta suna yi mata ba'a, wai in ta taho sai ka ji ƙamshin miya. A da yakan tsaya a rafin da ke hanya ya ƙara mata ruwa. Tun da aka tare ruwa a dam, rafin yashi ne zalla. Mamman yakan ce kai ne ka hana a kai ta wurin bakanike, don kada ma'aikata su rasa nama ko na yini guda. Ban sani ba ko gaskiya ne. Kai ka sani.

Na biyu, abin da ya faru. Tun da katafilar masu aikin dam ta bi ta kan gonarmu, naman nan shi ne cinmu. Ranar Talata ce, Baba ya tafi da ni don in sayar da kayan ciki a sansani. Rana ta take sai motar ta fara tari, tururi yana fita ta gaba. Mamman ya tsaya ya ɗaga murfin inji, ruwan yana tafasa a ciki har daga baya ina jin ƙararsa. Baba ya ce a bar ta ta huce, shi zai yanko ganye ya rufe naman. Mamman ya ce nama ba zai jira ba, in ya yi wari shi za ka kora. Ya umarci Baba ya kwance murfin lagireto, ya ce: "Ku mahauta ba kun ce wuƙa ba ta kama ku ba? To ruwa ne zai kama ka?"

Baba ya ƙi. Mamman ya zage shi ta uwa ta uba, sannan ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya maka masa a kafaɗa. Baba ya durƙusa. Mamman ya ƙara masa a gadon baya, ya tokare shi da takalmi a haƙarƙari. Baba ya haifi Mamman a shekaru, kuma da wuƙarsa a ƙugu, bai ko taɓa ta ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Mamman, ɗiyata tana kallo."

Da ya ga duka ba zai tsaya ba, sai ya tashi ya naɗe hannu da ɗanyar fata ya murɗa murfin. Ruwan ya yi tsalle ya fi tsayinsa, ya same shi a fuska da wuya, da barkonon da komai. Ban taɓa jin babba ya yi irin wannan ƙara ba. Ya faɗi yana birgima a ƙasa yana kiran sunan Allah, fatar goshinsa tana saɓulewa a tafinsa.

Ruwa ɗaya gare mu, na cikin jarkar da Inna ta cika mana. Na diro da ita na fara kwarara masa a ido. Mamman ya fizge jarkar. Na riƙe, ya mare ni sai da na ga wuta, ya murɗe mini hannu har na saki. A gabana ya juye ruwan nan duka cikin inji yana cuu, Baba yana ƙasa yana lalube. Mamman ya tayar da mota ya tafi da naman. Wani direban tifa mai ɗaukar yashi ne ya tsince mu ya kai mu asibiti. Idon dama ya tafi. Na hagu yana ganin haske kawai, ma'aikacin asibiti kuwa ya ce da an ci gaba da wankewa nan take, da wataƙila an cece shi.

A cikin tifar nan Baba ya kama hannuna ya ce kada in faɗi maganar duka, musamman ga yayana Bello, don ya san zuciyarsa.

Na uku, ƙaryar. Mamman ya baza a tasha cewa Baba ne ya buɗe murfin don karambani, shi kuma ya tafi neman taimako. Ka aiko da sannu da goro, ba ka tambayi kowa komai ba. Baba yana zaune a zaure ana ce masa ƙaddara ce, wasu suna fita suna cewa tsoho da rawar kai.

Abin da ya sa na karya alkawarin Baba shi ne, yanzu Bello ne ya gaji wurinsa. Kowace Talata yana zama gefen Mamman a gaban motar nan, suna raba goro, wuƙar Baba tana ƙugunsa. Makon jiya kuma da idona na ga Mamman yana sayen garin barkono a kasuwa. Ko dai ruwan nan ya sami Bello, ko ya ji gaskiya a kan hanya inda babu mai raba su. Bello ba kamar Baba ba ne, ba zai tsaya cewa ana kallo ba. Ba na son a kawo mana shi a makance, ba na kuma son a tafi da shi da ankwa.

Don haka ina roƙonka, Alhaji, ka tsayar da motar sai an sake mata lagireto. Ka raba Mamman da ita kafin Talata. Ka kira shi gaban Sarkin Fawa da dattawa ya maimaita abin da ya faɗa a tasha, ni ma zan faɗi nawa, ko muryata tana rawa. Ka kuma zo da ƙafarka ka dubi fuskar Baba.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare idanunka da na 'ya'yanka, ya sa ka gama lafiya.

Wuƙar Baba kuwa na riga na ɗauke ta a ɓoye na kai wa Sarkin Fawa ajiya, Bello yana ta nemanta. In Talata ta yi motar tana nan yadda take, za a same ni zaune a ƙasa gaban tayarta a bakin mahauta, yadda manoma suke zama a hanyar dam don hana motoci wucewa. Ban shawarci kowa ba. Mamman ya san ni, sai ya zaɓa.

Wassalam.

Luba, ɗiyar Umaru mahauci, Garbadu.