Dangwalen da na yi saboda kwanon masara

Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Legas? Ya ƙafar taka, ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, yara duk suna gaishe ka.

Yaya, abin kunya na yi, gara ka ji daga bakina. Satin da ya wuce wasu mutane suka zo da takarda, aka tara mu mata a gidan mai unguwa. Wai duk wadda ta dangwala za a ba ta kwanon masara. Ka dai san yadda rumbu yake bana. Ni na fara miƙa yatsa, sauran suka bi ni tunda ni ce babba. Ko "a karanta mana" ban ce ba.

Ashe takardar amincewa ce a raba mazaɓarmu biyu daga bakin rafi. Gidanka ya faɗa wata mazaɓar, an cire ku daga rabon taki, ga damina ta matso. Jiya matarka Hansatu ta gan ni a rijiya, ta ce, "Maman Audu, tuwon ya yi daɗi?" Wallahi ƙasa na kalla.

Liman zai rubuta ƙorafi, a sake zama a fili, a karanta wa kowa. Na ce a fara da sunana. Don Allah ka kira Hansatu ka ba ta haƙuri, ni na kasa haɗa ido da ita.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida mutanen garinmu na can.

Ƙanwarka,
Ladi