Mutumin da Ba Ka Sani Ba Yana Rataye a Bayan Kujerarka

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Kayan Tarihin Cikin Kogi, Yola.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan Yallaɓai yana lafiya, da iyali, da sanyin ofis.

Sunana Malam Hammadu, tsohon malamin firamare, mazaunin Damilu. Ina cikin masu nutso na sa-kai da ke gadin tsohon jirgin dakon kayan da ya nutse a Binuwai, kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Jimeta, tun zamanin lodin gyaɗa da auduga. Kakana ɗan dako ne a tashar nan. Duk rani mukan shiga mu duba abin da ya rage, mu kori 'yan gwangwan masu zuwa da zarto su yanki ƙarfe. Ba albashi, ba mu kuma roƙa ba. Na yi ta sintiri ofishinka har masinja ya daina amsa mini sallama, shi ya sa na fito fili.

1. Akwai wani Modu a cikinmu, masunci daga bakin Tafkin Chadi. 'Yan bindiga suka ƙone garinsu, ya iso unguwar Yolde Pate a nan Yola da matarsa Falmata da yara, daga su sai kayan jikinsu. Babu wanda ya kai shi dogon numfashi a cikinmu. Shi ya gano ƙararrawar jirgin a cikin laka, wadda yanzu take kan teburinka kana kiran masinja da ita.

2. Ranar da kuka ƙaddamar da kwamiti, ka zo bakin kogi da babbar riga da masu ɗaukar hoto. Ka dafa kafaɗar Modu, ka kira shi gwarzo, ka yi alkawarin kowannenmu zai samu katin shaida. Mu muka jiƙe, kai ka fito a talabijin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Katin dai har yau yana hanya, wataƙila a ƙafa yake tahowa.

3. Bayan ƙaramar salla, da rana tsaka, jami'an tsaro suka ga Modu ya ɓullo daga ruwa ba nisa da gada, da igiya da gilashin nutso. Babarbare, ba kati, kusa da gada, a irin wannan zamani. Suka tafi da shi. Wallahi ban ga laifinsu sosai ba, mun san abin da garin nan ya gani. Ni da Bitrus, abokin nutsonmu, muka bi sawu. Suka ce abu ɗaya suke so: takarda daga kwamiti cewa Modu naku ne.

4. A nan ne, Yallaɓai, ka nuna gwanintar nutso da ta fi tamu. Yau kana Abuja, gobe kana ganawa, jibi ka fita salla. Da Allah ya sa na ritsa ka, sai ka ce ba ka san wani Modu ba, kuma ba za ka sa sunanka cikin maganar tsaro ba. Kana faɗa ina kallon bango. Kalandar kwamitinka ce a bayan kujerarka, ga Modu da ƙararrawa a hannu, ga ka kusa da shi kana washe haƙora. Kai, na ji kunya, kuma ba tawa ba ce.

Tun da aka kama shi sauran yaranmu suka daina shiga ruwa, kuma wa zai ga laifinsu? 'Yan gwangwan kuwa sun samu sake, sun riga sun yanke gefe guda na jirgin. Amma ƙarfe ba shi da 'ya'ya. Falmata na wankau a gidajen mutane. Ƙaramin ɗansu kan zo bakin kogi ya zauna, don ya san a nan babansa kan ɓullo.

Buƙatuna ba su da nauyi. Ka rubuta layi biyu ka sa hannu, a sako Modu. Ka fito da katunan nan kafin a kwashe wani. In kuwa biro ya fi ƙarfinka, to ga shekara ta zo ƙarshe, za ku sauke kalanda ku rataya sabuwa. Don Allah kada a ba mai ƙosai tsohuwar. A aika wa Falmata. Hotunansu duk sun ƙone da gidansu, wannan ne kaɗai zai rage mata na mijinta. Za mu yanke ɓangarenka da almakashi, kada sunanka ya shiga maganar tsaro.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya dawo masa da ƙarfin tunawa, ya kuma tsare shi daga ranar da zai nemi mai shaidarsa ya rasa.

Wassalam.

Malam Hammadu,
Damilu, Jimeta.