A Fitar da Inna Daga Ɗakin Rijiya

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ladabi. Yaya Inna da mutanen Getso? Ni lafiya lau, ƙafar ma ta fara takuwa.

Ɗakin kwananmu na makaranta ne ya lotsa, bango ya faɗo mana. Ashe kan tsohuwar rijiya aka gina shi. Masu gyara sun huda daɓen, sun ɗura wani ruwa mai kumbura ya daskare a ƙasa. Na daure na tambaye su ko yaɓe kawai zai isa. Sun ce yaɓe ba ya hana ƙasa nutsewa.

Baba, ɗakin Inna ma kan rijiya yake, kullum yaɓe shi kuke yi. Don Allah ku fitar da ita kafin damina. Ƙawata Ikilima har yau ba ta farfaɗo ba.

'Yarku,
Badi'a